Yadda ake mayar da tatsuniyar La Fontaine wasan kalmomi

A 1668 marubuci Jean de La Fontaine ya fitar da kundinsa na farko na tatsuniyoyin dabbobi a Faransa, kuma ɗaliban boko a Nijar sun sha haddace su. Faransawa kansu sun daɗe suna wasa da su. Wani marubucinsu, Raymond Queneau, ya ɗauki tatsuniyar gyare da tururuwa, ya riƙa musanya kalmominta da ta bakwai da ke biye a ƙamus, abin ya fito shirme mai daɗin ji. Kai ma za ka iya, da Hausarka.

Da farko zaɓi wadda aka sani. Idan mai sauraro bai san asalin ba, ba zai gane inda ka karkace ba, dariyar ta tashi a banza. Ta hankaka da dila ta fi sauƙi.

Sai ka rubuta ƙashin labarin a layi uku: hankaka na bisa itace da cuku a baki, dila ya yabi muryarsa, ya buɗe baki zai rera, cuku ya faɗi. Wannan kada ka taɓa shi.

Yanzu aikin ya zo. Ɗauki kowace kalma ka nemo mata 'yan uwa na sauti. Cuku na da cuku-cuku, dila na da dillali, hankaka na da hankali. Ka ga jimla ta haɗa kanta: "Dila dillalin zaƙin baki ya yi cuku-cuku ya ci cuku, hankaka ya rasa hankali." Inda dabbar ta ƙi ba ka wasa, canza ta. Ni gyare ba ya yi mini komai, shi ya sa nake sa fara a madadinsa: "Fara ta fara waƙa, fari ya faɗo, ta je roƙon farar dawa wurin tururuwa." Nan karin sauti da tsawon wasali ne ke aikin, abin da rubutun boko ba ya nunawa.

Saboda haka dole ka karanta da ƙarfi, gaban mutane. Inda harshenka ya sarƙe aka yi dariya, bar shi. Inda sai ka tsaya ka yi bayani, goge shi, ko da kuwa shi ka fi so.

Idan akwai yara a wurin, ba dila kirarinsa da zaurance, su warware da kansu.