Kore daban, kabon daban: kurakuran da aka fi yi wajen auna tsirrai da tauraron ɗan'adam

Tauraron ɗan'adam haske kawai yake aunawa. Ganye mai rai yana shanye jan haske don haɗa abincinsa, yana kuma mayar da hasken infarared na kusa, wanda idon mutum ba ya gani. Daga nan ake fitar da NDVI, ma'aunin koren tsirrai: a cire ja daga infarared, a raba da jimillarsu, sai a sami lamba tsakanin -1 da 1. Daga wannan lamba zuwa cewa daji kaza ya ɗauke tan kaza na kabon a shekara akwai tafiya mai nisa, kuma yawancin masu faɗuwa tun a bakin ƙofa suke tuntuɓe, wajen buɗe fayil.

Lambobin da ke cikin fayil ba a amfani da su ɗanye. A MOD13Q1, fayil ɗin NDVI na kwana 16-16 daga na'urar tauraro mai suna MODIS, mai ɗigon hoto na mita 250, sai an ninka lambar da 0.0001, don haka 6500 na nufin 0.65. Lambar -3000 kuwa alama ce ta cewa babu awo a wurin. Duk wanda ya bar ta cikin matsakaicin lissafi, za ta ja masa sakamakon ƙasa. A MOD17A2H, fayil ɗin MODIS na kabon da tsirrai ke kamawa, lambobin masu cike gurbin suna sama, daga 32761 zuwa 32767, suna tsaya wa ruwa da birane da fako, kuma 'yan kaɗan daga cikinsu sun isa su mai da tafkin Chadi wurin da ya fi ko'ina shan kabon. A rufe su tukuna, sannan a ninka.

Kuskuren da ya fi ɓoyewa shi ne na taurarin Turai na Sentinel-2. Daga 25 ga Janairu 2022 an ƙara 1000 a kan kowace lamba ta hasken. A ɗauki gonar da janta 500, infarared ɗinta 3000, NDVI zai ba da 0.71. Gonar nan dai a sabon tsari ta koma 1500 da 4000, lissafi ya ba da 0.45. Ganye ko ɗaya bai faɗi ba, amma jadawali zai nuna kamar fari ya afka wa yankin daga 2022. Maganinsa a cire 1000 daga sababbin hotuna, ko a ɗauki tarin da aka riga aka daidaita, mai HARMONIZED a sunansa, a dandalin sarrafa hotunan tauraro na Google Earth Engine. Taurarin Amurka na Landsat ma haka: a tari na biyu, wato fitowa ta biyu ta bayanansu, ana ninkawa da 0.0000275 a cire 0.2, in ba a yi ba gonar nan 0.33 za ta nuna. Sannan ja da infarared a Landsat 8 da 9 su ne zangon haske na 4 da na 5, a Landsat 5 da 7 kuwa na 3 da na 4. Kwafe umarnin kwamfuta daga wannan zuwa wancan ba tare da sauya lambobin ba ya ɓata ayyuka da dama.

Gajimare, hazo da kwanan wata

Gajimare da ƙura duk rage NDVI suke yi. Shi ya sa a dazukan kudancin Najeriya da Kamaru ake ganin lambar ta faɗi a Yuli da Agusta, lokacin da daji ya fi cika da ganye. A arewa kuma hazon hunturu ne, mai ɗauko ƙura daga kwarin Bodele na Chadi. Fayilolin kwana 16 suna zaɓar awo mafi kyau a cikin kwanakin, amma idan sama ba ta washe ba ko sau ɗaya, mafi kyawun ma gurɓatacce ne. MOD13Q1 yana zuwa da shafin inganci: 0 mai kyau, 1 da dama-dama, 2 ƙanƙara, 3 gajimare. A riƙe 0, a duba 1 da idon basira, a zubar da sauran, sannan a cike giɓin da hanyar sulɓe layi irin ta Savitzky-Golay. Sulɓewa kafin tacewa shafa dattin ne a kan maƙwabtan kwanaki.

Kwanan watan da ke jikin sunan fayil ranar farko ce ta kwana 16 ɗin. Ainihin ranar da aka ɗauki kowane ɗigo tana wani shafi daban. A Sahel, inda damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuskuren mako biyu a farkon tsiro ba ƙaramin abu ba ne.

Dogon tarihi da ke yaudara

Mai son ganin ko duniya na ƙara kore dole ya koma ga na'urar AVHRR, da ke kan taurarin hukumar yanayi ta Amurka, NOAA, wadda tarihinta na NDVI ya faro daga 1981. Matsalarta ita ce taurarin masu wucewa da rana suna gusawa da shekaru, su riƙa wucewa can da yamma, inuwa ta yi tsawo, lambar ta sauya ba don ciyawa ta sauya ba. Ga kuma aman wutar dutsen El Chichon na Meziko a 1982 da na Pinatubo a Filifin a 1991, waɗanda hayaƙinsu ya daɗe a sama yana dusashe awo. MODIS bai tsira ba: na'urar da ke kan tauraron Terra, da aka harba a Disambar 1999, ta dusashe a hankali, har tari na 5 ya nuna bushewar ƙarya da aka gyara a tari na 6. Don haka ba a haɗa tari biyu a jadawali ɗaya, kuma ba a jona AVHRR da MODIS ko MODIS da VIIRS, na'urar da ta gaje shi, sai an daidaita su a kan shekarun da suka yi aiki tare.

Kusurwar rana ma ta taɓa raba kan masana. An daɗe ana gardama kan hotunan da ke nuna dajin Amazon yana ƙara kore a lokacin rani, har wani nazari na 2014 ya nuna cewa matsayin rana da na na'urar yana da babban hannu a abin da ake gani. Don kwatanta watanni, gara a ɗauki hasken da aka gyara wa kusurwa, irin fayil ɗin MCD43A4 na MODIS.

Daga kore zuwa kabon

Nan ne babban ramin. Kama da wane ba wane ba ne. Hanyar da aka fi bi ita ce ta Monteith ta 1972: kabon da tsiro ya kama daidai yake da hasken da ya iso, sau kason da ganye ya sha, sau gwanintar tsiron wajen juya haske zuwa abinci. A kan na tsakiyar kawai, wato kason da ganye ya sha, tauraro yake taimakawa. Hasken da tsiro ke iya amfani da shi kusan kashi 45 cikin 100 ne na hasken rana, kuma wanda ya manta da wannan ya ninka amsarsa fiye da biyu. Gwanintar kuwa daga tebur ake ɗaukowa gwargwadon irin tsirran wurin, a rage ta idan sanyi ko bushewar iska sun yi yawa. Gero da dawa da masara da yawancin ciyawar savana 'yan rukunin tsirran da ake kira C4 ne, bisa yadda suke haɗa abincinsu, sun fi shinkafa da alkama iya aiki cikin zafi da haske mai ƙarfi. Teburin MOD17, lissafin kabon na MODIS, bai ware su ba, don haka yakan rage wa irin waɗannan wurare kabon. Haka kuma idan taswirar rabe-raben ƙasa ta kira gona daji, duk lissafin ya bi ta. Kafin a yarda da sakamako a gwada shi da hasumiyar auna kabon da ke shiga da fita tsakanin ƙasa da iska mafi kusa, irin ta Wankama a Nijar, Dahra a Senegal ko Demokeya a Sudan, tare da tuna cewa hasumiya 'yan ɗaruruwan mita take ji, ba kilomita takwas na ɗigon AVHRR ba.

NDVI yana ƙoshi. Da ganye ya kai kamar ninki uku na faɗin ƙasar da ke ƙarƙashinsa, lambar sai ta tsaya wajen 0.8 zuwa 0.9, ƙaramin kurmi da tsohon dajin Kwango su zama ɗaya. EVI, wani ma'aunin koren, ya fi jurewa a nan. A ɗaya gefen, inda ciyawa ta yi tsilla-tsilla, launin ƙasa ne ke shiga: jigawa mai haske da baƙar laka mai danshi suna ba da lamba daban a kan ciyawa iri ɗaya, abin da SAVI, ma'aunin koren da aka gyara wa launin ƙasa, ke ragewa da ƙarin 0.5 a lissafinsa. Wasu kuma suna ɗaukar lambar rani a matsayin ƙasa tsirara su cire ta. A gonakin Maraɗi da Damagaram hakan share gawo ne daga lissafi, domin shi da damina yake zubar da ganye, da rani yake tohowa.

Sai rikita nau'in kabon. Abin da tsirran duniya ke kamawa gaba ɗaya ya kai kimanin tan biliyan 120 a shekara. Kusan rabi suna mayarwa ta numfashinsu, ƙwayoyin ƙasa da gobara su mayar da mafi yawan saura, abin da ke zama a ƙasa bai wuce wajen tan biliyan 3 ba. Kiran na farkon "kabon da aka adana" kuskure ne na ninki arba'in. Kuma koren ganye ba ya faɗin nauyin itace; wannan aikin na'urori ne irin GEDI, mai auna tsayin bishiya da hasken lesa daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wanda kuma ba ya gani sama da digiri 51.6 arewa ko kudu.

Ma'auni ma a kula. MOD17A2H jimillar kwana 8 ne: 400 na nufin giram 40 a murabba'in mita, wato giram 5 a rana, kuma zangon ƙarshe na shekara kwana 5 ne, ko 6 a shekara mai tsalle. Busasshen itace ana ninka shi da 0.47 a sami kabon, kabon kuma da 3.67 a sami iskar kabon dayoksaid. Wajen tara jimillar duniya a taswirar digiri, ɗigon da ke digiri 60 rabin na ikwaita ne a faɗi, don haka sai an ninka kowane ɗigo da ainihin faɗinsa, in ba haka ba dazukan Rasha da Kanada su ci rabon da ba nasu ba.