Kafin ka sayi ko sukuru ɗaya: yadda ake zaɓen kayan kwamfutar tebur masu jituwa da juna

Kwamfutar farko da na haɗa da hannuna ta tashi lafiya lau, fankoki na juyawa, fitila na ci, amma allon kallo baƙi ƙirin. Kwana biyu na yi ina cirewa ina mayarwa, ba abin da ban zarga ba, har wayar allon sai da na canza. Ashe ba abin da ya lalace. Furosesar da na saya, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ita ce ba ta da sashen fitar da hoto a cikinta, ni kuwa na ƙi sayen katin hoto, wanda ke aika hoto zuwa allon kallo, wai ina tsimin kuɗi. Harafin F da ke ƙarshen sunanta ya riga ya faɗa mini haka, ni ne ban iya karatunsa ba.

Tun daga ranar na daina sayen kaya ɗai-ɗai don kawai na gan su da araha. Yanzu sai na rubuta komai a takarda, na tabbatar kowane ya yarda da ɗan'uwansa, sannan kuɗi ya fita. Akwai kuma jerin da nake bi, domin kowane zaɓi shi ke ƙayyade na bayansa.

Da farko ka san aikin da za ta yi maka. Wanda zai yi rubutu, lissafin ofis, karatu da kallon bidiyo, ba ya buƙatar katin hoto ko kaɗan, in dai furosesarsa tana fitar da hoto. Mai wasannin gem ko tace bidiyo kuwa, katin hoton ne zai cinye kaso mafi tsoka na kuɗinsa, sauran kaya su bi bayansa. Idan ba ka yanke wannan ba tun farko, za ka zuba kuɗi inda ba a buƙata, ka tsuke inda ake buƙata.

Daga nan sai furosesa, kuma ba a zaɓenta ita kaɗai. Ita da madabod, wato babban faifan da ake jona duk sauran kaya a kansa, tare ake ɗaura musu aure, abin da ke haɗa su kuwa shi ne soket, wato gurbin da take zama. Kamfanin AMD yana da AM4, wanda ya fito a 2016, da AM5 na 2022. Intel yana da LGA1200 na zubi na 10 da na 11, da LGA1700 na zubi na 12 da 13 da 14, sai LGA1851 na 2024. Furosesar AM4 ba ta shiga AM5, ta Intel ba ta shiga gurbin AMD, ko da kuwa za ka hau kai ka zauna. A AM4 allurai suna jikin furosesa ne, a AM5 da na Intel suna cikin soket ɗin, shi ya sa in za ka sayi na hannu sai ka san inda za ka haska fitila ka duba ko wata allura ta lanƙwashe.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, ni har yanzu AM4 nake nuna wa mutane. Ya tsufa, gaskiya ne, amma tsufan nasa ya sa kayansa suka yawaita, na hannu ma ba ya wuya. Ryzen 5 5600 tana da ƙwayoyin aiki shida, wutarta wat 65, kuma fanka na zuwa a kwalinta. Sai dai ba ta fitar da hoto. 'Yar'uwarta 5600G tana fitarwa, wannan G ɗin shi ne alamar. A ɓangaren Intel abin a juye yake: Core i3-12100 da i5-12400 suna fitar da hoto, amma in ka ga 12100F ko 12400F, babu. Mai sayen katin hoto zai iya ɗaukar mai F ya rage kuɗi. Wanda ba zai saya ba, ya guje ta.

Soket ya dace, amma magana ba ta ƙare ba, kuma a nan ne ƙaramin sani ke zama ƙuƙumi. Kowane madabod yana da cifset, wato ɗan guntun da ke haɗa furosesa da sauran kaya, su ne lambobin nan irin A520, B450, B550 a AM4, ko H610 da B760 a LGA1700. Yana kuma da 'yar manhajar da ke tashinsa, wadda ake kira BIOS. Madabod ɗin B450 ya girmi Ryzen 5000, don haka in tsohon BIOS ne a kansa, za ka sa 5600 ta zauna daram a gurbinta, ka kunna, ya ƙi gane ta. Haka wasu madabod na Intel masu lamba ɗari shida, irin H610, suke yi da zubi na 13 da 14. Maganin abin mai sauƙi ne. Ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera madabod ɗin, ka nemi ainihin samfurinsa harafi da harafi, ka buɗe jerin furosesoshin da yake ɗauka. A gaban kowace an rubuta lambar BIOS da take buƙata. Wasu madabod suna da maɓalli a baya na sabunta BIOS da filash ba tare da an sa furosesa ba. In kana da zaɓi tsakanin biyu masu kusan kuɗi ɗaya, ɗauki mai wannan maɓallin. Ni dai B550 na fi so a AM4, ko da yake shi kuma ba a yi shi don tsofaffin Ryzen 1000 da 2000 ba.

Tun kana wannan shafin, leƙa ka ga ko yana da Wi-Fi. Yawancin masu araha ba su da shi, waya kawai suke ɗauka.

RAM kuma, wato wurin ajiyar wucin gadi da furosesa ke aiki a kai, madabod ne ke yanke hukunci a kansa. AM4 DDR4 kawai ya sani, AM5 DDR5 kawai. LGA1700 shi ne mai rikita mutane, domin furosesarsa tana iya aiki da kowanne, amma kowane madabod nau'i ɗaya tak yake ɗauka, har samfuri ɗaya kan fito kala biyu, mai DDR4 da mai DDR5. Ƙanena ya taɓa kira na yana cewa, "Yaya, RAM ɗin nan ya ƙi shiga, ko in danna da ƙarfi?" Na ce masa ya ajiye hannunsa. DDR4 da DDR5 duk haƙora 288 gare su, tsawonsu ɗaya, amma 'yar tsagar da ke tsakiya ba wuri ɗaya take ba, da gangan aka yi haka. Na kwamfutar hannu kuwa gajere ne, ba ma ya kama da na tebur.

Gigabait 16 ya ishi yawancin mutane, amma ka saye shi sanda biyu, takwas-takwas, waɗanda aka sayar tare. Sanda biyu suna buɗe hanya biyu zuwa furosesa, bambancin kuwa ya fi fitowa ga mai amfani da hoton cikin furosesa irin 5600G, tunda daga RAM ɗin take aron wurin aiki. In ramukan huɗu ne, galibi na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake cikawa, littafin madabod zai tabbatar maka. Bayan ka haɗa, shiga BIOS ka kunna XMP, ko EXPO a sababbin AMD, saitin da ke sa RAM ya yi gudun da aka rubuta masa. In ba haka ba, RAM ɗin da aka rubuta wa 3200 zai iya zama yana rarrafe a 2133 ko 2400, kai kuwa ka biya kuɗin gudu.

Katin hoto ba shi da wuyar jituwa, ramin PCIe da ake soka shi a madabod, na dā da na yanzu, duk suna karɓar juna. Abu uku nake dubawa: tsawonsa, wutar da yake sha, da irin wayar da yake so. Radeon RX 6600 wat 132 ne da waya ɗaya mai ƙafa takwas, GeForce RTX 3060 wat 170, RTX 4060 wat 115. Akwai ɗan tarko a RX 6500 XT, layuka huɗu kawai yake amfani da su, don haka a kan PCIe 3.0 yana rasa gudu, kuma 5600G da madabod na A520 da B450 duk iyakarsu ke nan.

Ma'ajiya ba sai na ja ba. Sayi SSD, ma'ajiyar da ba ta juyawa, irin NVMe da ke shiga ramin M.2 na madabod, mai girman 2280, wato faɗi milimita 22, tsawo 80, gigabait 500 ko terabait ɗaya. Ka lura akwai M.2 na SATA mai kama da shi wanda ba kowane rami ke karɓa ba. Tsohon had disk mai juyawa a bar shi ga ajiyar hotuna da bidiyo, kada a ɗora Windows a kansa.

Sai akwatin wuta, wato PSU mai raba wa kaya lantarki, inda mutane suka fi yi wa kansu sakiyar da ba ruwa. An sayi komai, kuɗi ya kusa ƙarewa, sai a ɗauko wani marar suna mai nauyin kwalin ashana da aka rubuta wa wat 700. To araha ba ta ado. RAM in ya mutu shi kaɗai ya mutu, amma akwatin wuta in zai tafi yakan tafi da madabod da katin hoto. Lissafin da nake yi shi ne in haɗa wutar furosesa da ta katin hoto, in ƙara kamar wat 100 na sauran kaya, sannan in bar sarari a sama. Ryzen 5 5600 da RX 6600 za su zauna cikin natsuwa a kan wat 550 na kirki. Tambarin 80 Plus yana nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja daga bango tana isa ga kaya, sauran ya zama zafi. Ba shaidar inganci ba ce ita kaɗai, amma wanda ko ita bai samu ba, ban ga dalilin kusantarsa ba. Tsawon garanti ma yana magana: kamfanin da ya ba da shekara biyar ya yarda da abin da ya ƙera. Ka duba wayoyinsa: mai ƙafa 24 ta madabod, mai takwas ta furosesa wadda ke rabuwa huɗu da huɗu, da ta katin hoto mai rabuwa shida da biyu. Waɗannan biyun na ƙarshe sun yi kama, ba ɗaya ba ne. In kuma irin wanda ake cire wa wayoyi ne, kada ka kuskura ka sa masa wayar wani akwatin daban ko da ta shiga, domin tsarin ƙafafun ya bambanta, kuma haka ake ƙona kaya.

Akwatin wuta ne abu ɗaya da ba na saye na hannu. Furosesa, RAM, fanka, akwati, duk ina saye in an gwada a gabana.

Akwatin da za a zuba komai a ciki lissafin awo ne kawai. Madabod ATX milimita 305 ne da 244, micro-ATX 244 da 244, mini-ITX 170 da 170. Babban akwati yana ɗaukar ƙaramin madabod, ƙarami ba ya ɗaukar babba. Micro-ATX shi ne abokin mai tsimi, mini-ITX kuwa ƙanƙantarsa tsada ce. A bayanin kowane akwati an rubuta iyakar tsawon katin hoto da iyakar tsayin fankar furosesa, ka gwada su da naka. Mai raga a gaba ya fi mai gilashi shan iska, fitilu masu launi kuwa ba sa ƙara gudu ko na daƙiƙa ɗaya. Tsohon akwatin kwamfutar ofis da wasu manyan kamfanoni suka haɗa yakan zo da ramukan sukuru da wayoyin wuta nasa na kansa, ka auna kafin ka sa rai da shi.

In Windows 11 za ka sa, tana neman sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, da furosesar da ba ta gaza zubi na 8 na Intel ko Ryzen 2000 ba. Tallafin Windows 10 ya ƙare a Oktoban 2025, don haka tsohuwar furosesa mai arhar banza tana da dalilin arharta.

Idan jerin ya kammala, nakan zuba shi a shafin PCPartPicker, yana nuna saɓanin soket, RAM, BIOS da kiyasin wuta. Ba ya kama komai, musamman tsayin fanka da ke tokare RAM, shi ya sa nake sauke littafin madabod in karanta tun kafin in saya. Ranar da kaya suka iso kuma ba na gaggawar ɗaure su a akwati. Sai in ɗora madabod a kan kwalinsa, in sa furosesa, fanka, RAM da wuta, in taɓa ƙafafu biyu na maɓallin kunnawa da bakin sukudireba. In hoton BIOS ya fito, sai a shiga ɗauri. In akwai katin hoto, wayar allon kallo a jikinsa ake sa ta, can ƙasa, ba a ramin madabod na sama ba.