Yadda ake kai ziyara filin jirgi na ciyawa a ƙauyukan Ingila

Masu sabon lasisin tuƙin ƙaramin jirgi a nan Ingila kusan duk abu ɗaya suke yi, su kwana suna tunanin yadda za su sauka a kan ciyawa, amma ko minti biyar ba sa ba lissafin yadda za su tashi su dawo gida. Kuma wallahi a tashin nan ne nake ganin mutane suna shiga uku. Zan zo kansa, amma bari mu fara daga gida.

Kafin komai ka buga waya. Yawancin filayen ƙauye suna aiki da dokar PPR, wato sai ka nemi izini kafin ka zo, da yawansu ma gonar mutum ce ya yanke wani ɓangare ya mai da shi titin jirgi. Ni a wurina cike fom a intanet bai isa ba, ka kira ka ji muryar mutumin da ya taka ciyawar da ƙafarsa yau da safe. Ka tambaye shi yaushe aka yi ruwa na ƙarshe, yaushe aka yanke ciyawa, akwai wajen da ya yi laushi ko ruwa ya kwanta, akwai mai ko babu, kuma wane ƙauye ne ba a son ka bi ta samansa. Wannan na ƙarshen kar ka ɗauke shi wasa, ƙorafin maƙwabta kan ƙarar inji yana cikin abin da ya fi takura wa irin waɗannan filaye, kai za ka tafi gida ka bar mai wurin da rigima. Sai ka buɗe Pooleys, littafin bayanan filayen jirage, ko manhajar matuƙa ta SkyDemon ka karanta shafin filin, domin kowanne da halinsa. Misali a filin Popham ba a miƙewa sambal a sauka, akwai 'yar karkata da ake yi saboda abin da ke bakin titin. A Headcorn akwai masu dirowa da lema, don haka ba ka bi ta tsakiyar saman filin. Compton Abbas kuma a kan tudu yake, iska tana iya yi maka wasa dab da ƙasa. Duba NOTAM, wato sanarwar da ake fitar wa matuƙa, da yanayi ba sai na faɗa maka ba.

Yanzu lissafi, nan zan daɗe. Littafin jirginka yawanci alƙalumansa na busasshiyar kwalta ne, da sabon jirgi da ƙwararren matuƙi. Hukumar CAA mai kula da sufurin jiragen sama a Birtaniya ta fitar da ƙarin da ake yi wa tazarar da littafi ya bayar: wajen tashi busasshiyar ciyawa ka ƙara kashi 20 cikin ɗari, jiƙaƙƙiya kashi 30, idan titin yana hawa da gangara kashi 2 ka ƙara kashi 10, zafi ya ƙaru da digiri 10 ka ƙara wani kashi 10, bayan duk wannan sai ka ninka da 1.33 don kariya. Wajen sauka busasshiya kashi 15, jiƙaƙƙiya kashi 35, sai ka ninka da 1.43. Kuma ninkawa ake yi ɗaya bisa ɗaya, ba tarawa ba, nan ma na ga an yi kuskure.

Ɗauki Cessna 172, ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, cike da kaya. Tana buƙatar kusan mita 500 ta tashi ta haura ƙafa 50, sauka kuma kusan mita 400. Ka ce filin mita 800 ne an yi ruwa jiya. Sauka: 400 sau 1.35 sau 1.43, ya ba ka wajen mita 770, ya shige da ƙyar. Tashi kuwa idan iska ta tilasta maka fuskantar hawa: 500 sau 1.3 sau 1.1 sau 1.33, wajen mita 950. Ka gani? Ka sauka lafiya lau, ka ci abinci, ka ɗauki hotuna, amma a takarda jirgin ba shi da wurin tashi. Abin da na sha gani shi ne matuƙi ya zo da abokai uku, tanki cike don man gidansu ya fi araha, rana ta ɗaga zafi ya ƙaru, sai ya ce ai mun shigo ba matsala za mu fita. Nauyi ya ƙaru da kashi 10 kawai tazarar tashi tana ƙaruwa da wajen kashi 20. Don haka dokata ita ce zuwan farko mutum biyu kacal, man da zai ishe ka har da na ajiya amma ba cikin tanki ba, kuma lissafin tashi ka yi shi tun a gida da zafin ƙarfe uku na rana ba na safiya ba. In kwalta kaɗai ka taɓa sani, ko a Zariya ka koya ko a nan, ka biya malami ku je tare sau ɗaya, kuɗin awa ɗaya bai kai na farfela guda ba, balle in ta daki ƙasa sai an buɗe inji an duba.

Da ka kusa, gano filin ma aiki ne, kore ne a cikin kore, ka nemi rumfunan jirage da jiragen da ke ajiye da jakar iska mai ruwan lemo, kar ka tsaya neman titin. Idan wurin yana da rediyon da ake kira da sunan filin a ƙara Radio, mutumin bayani kawai yake ba ka, ba ya ba ka izinin sauka, shawarar taka ce. In babu rediyo kwata-kwata sai SafetyCom, mitar rediyon da matuƙa ke sanar da juna inda suke, a 135.480, ka faɗi sunan filin da inda kake da abin da za ka yi. Inda aka yarda, ka zo ta sama a ƙafa 2,000 bisa filin, ka kalli jakar iska da idonka, ka duba ko akwai tumaki ko tarakta ko mai yawo da kare, sannan ka sauko ta ɓangaren da jirage ba sa zagayen sauka, ka shiga layin masu sauka. In akwai jirage marasa inji da ake ja da igiya kar ka kuskura ka ratsa ta sama.

Sauka kuwa gudun da littafi ya ce, kar ka ƙara not goma, wato ma'aunin gudun jirgi, wai don kwanciyar hankali, shi zai sa ka yi ta shawagi titi yana ƙarewa. Ka zaɓi alama tun kafin ka zo, in taya ba ta taɓa ƙasa a nan ba ka ba shi wuta ka sake zagayowa. Birki a jiƙaƙƙiyar ciyawa kamar taka ɓawon ayaba ne, kar ka dogara da shi. Ka riƙe sitiyari a baya har ka tsaya don rage wa tayar gaba nauyi, ka tafi a hankali, ramin zomo ba ya ganuwa daga kujera.

Ka ajiye inda aka nuna maka, ka sa hannu a littafi, ka biya kuɗin sauka, yawanci fam goma zuwa ashirin ne, ka riƙe tsabar kuɗi don wani wurin akwati ne kawai a bakin ƙofa. In akwai wurin shayi ka saya, da shi suke riƙe filin.

Kafin tashi ka nemi izini ka taka titin da ƙafa, in takalminka yana nutsewa to taya ma za ta nutse. Ka duba murfin taya ko laka ta cika shi. Ka sa filap, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa, yadda littafinka ya ce, ka yi amfani da titin tun daga farkonsa, ka tsai da wata alama a tsakiya, in ka isa nan gudu bai kai kusan kashi 70 na gudun tashi ba ka rufe totur ka tsaya. In lissafi ya ƙi, ka jira yamma ta yi sanyi, ko fasinja ɗaya ya hau tasi zuwa filin kwalta mafi kusa ka je can ka ɗauke shi.