Yadda zaka fasa katako da hannu ba tare da wani "chi" ba

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Chana a gidan kallo yasan wannan abin, mutum ya tsaya ya rufe ido ya ja numfashi ya kurma ihu sai kaga bulo ya rabe biyu, ace maka wai ƙarfin ciki ne ya tattaro a tafin hannu, mutanen Sin suna ce masa chi, Japanawa kuma ki. Ni dai gaskiya ban yarda ba, lissafi ne da atisaye kawai. A wani bincike da aka wallafa a 1979, wasu masana kimiyya daga jami'ar MIT ta Amurka, Michael Feld da Ronald McNair da Stephen Wilk, sun ɗauki hoton hannun ɗan karate yana duka suka auna, suka ga yana gudun mita 10 zuwa 14 a daƙiƙa ɗaya. Shi McNair ɗin ma gwanin karate ne, yana cikin 'yan sama jannatin da suka rasu a kumbon Challenger a 1986. To ga yadda ake yi.

Fara da zaɓen katako, don anan rabin sirrin yake. Masu wasan nan busasshen katakon fayin (pine, wani itace mai laushi) suke amfani dashi, mara nauyi, faɗinsa kamar santimita 30 kaurinsa bai wuce 2 ba. Kar ka je wajen kafinta ka ɗauko maɗaci ko filawud kace zaka gwada, wallahi asibitin ƙashi zaka kwana. Sannan ka duba layin jijiyar itacen, duk mai faskare yasan itace ta tsawon jijiyarsa yake tsagewa, ka sare shi a gicciye ka wuni kana haki. Ka ajiye shi yadda layin zai tafi daidai da bulon da ya ɗauke shi ta gefe da gefe.

Bulo biyu, ɗaya nan ɗaya can, su riƙe bakin katakon kaɗan, tsakiya babu komai. Idan ka doka, katakon lanƙwasawa yake yi, ƙasansa ya miƙe har ya tsage, wato fashewar daga ƙasa take farawa ba daga inda hannunka ya taɓa ba. Siminti ma haka, yana jure dannawa amma baya jure ja, shi yasa magina suke saka rodi a dakin, su kuma falen simintin da ake fasawa a wasa ba rodi a ciki.

Sai dukan. Sabon shiga yayi da tushen tafin hannu ko gefen dunƙule kamar guduma, banda gaɓoɓin yatsu. Ka nufi tsakiya, amma a ranka ka ƙudura ƙasan katakon kake son kaiwa ba samansa ba, ka sako nauyin jikinka tun daga ƙugu. Sauri yafi ƙwanji amfani, don idan gudun hannu ya ninka biyu kuzarin dukan sau huɗu yake ninkawa. Kuma abin haushin shine wanda yaji tsoro ya ja birki a ƙarshe shine yafi jin zafi, katakon bai fashe ba ƙarfin ya koma cikin hannunsa.

Ihun fa, wanda suke cewa kiai? Ka yi abinka, yana ɗaure ciki yana korar fargaba, iyakarsa kenan.

In kaga wani ya jera fale goma ya rusa, leƙa tsakaninsu, sau da yawa zaka tarar an saka fensir ko 'yan sanduna sun raba su, kowanne ya fashe ya faɗo kan na ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fasa ko uku ne a manne ba tazara, wannan a sara masa, shekaru yayi yana dukan makiwara, allon nan da ake naɗe wa igiya, har fata da ƙashi suka saba. Almajiran Mas Oyama, wanda ya kafa salon karate na Kyokushin, haka suke.

Kai dai ka tsaya a katako ɗaya tukunna, a gaban koci, kuma kar a bar yara suyi don ƙashinsu bai gama ƙwari ba.