Yadda Za Ka Shirya Keke Ya Ɗauki Hidimar Gida, Gona da Kasuwa

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin zirga-zirga ya sauya a ƙauyukan Kano da Jigawa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai naira 617 a watan Yulin shekarar, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Ana ta muhawara a rediyo kan motoci masu amfani da iskar gas da masu lantarki, amma mutumin Gezawa ko na Ringim abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne keken da ya jingine a zaure shekaru. Keke yana rage kashe kuɗi ƙwarai, sai dai fa idan an shirya shi don yashi da ƙaya da kaya. Wanda ba a shirya ba, kullum yana wurin mai faci.

Fara da lissafin tafiyarka. Babur mai lafiyar inji yakan yi kilomita 40 zuwa 50 da lita ɗaya. Idan gonarka ko wurin aikinka kilomita 10 ne, zuwa da dawowa 20 ke nan, a kwana 26 ka yi kilomita 520, wato wajen lita 12 a wata, ban da baƙin mai da gyara. A keke, a kan burji mai kyau, kilomita 10 ba ta wuce minti 45 zuwa 50. Tafiyar da ta kai kilomita 15 zuwa ƙasa ta keke ce. Abin da ya haura haka, ko kai mara lafiya asibiti, ko mai naƙuda, wannan aikin babur ne ko mota, kada a yi ganganci.

Wajen saye, baƙin keke na gargajiya mai taya 28, irin su Phoenix da Raleigh da Hero, har yanzu shi ne ya fi dacewa da ƙauye, domin kayan gyaransa suna nan a kasuwar Wudil ranar Juma'a da ta Maigatari ranar Alhamis, kuma kowane mai gyara ya san cikinsa. Keken gwanjo mai giya yana da sauƙin tuƙi, amma ranar da abin canjin giyarsa ya lanƙwashe za ka yi ta yawon neman irinsa. Idan na hannu za ka saya, duba wuraren da ƙarafan jikinsa suka haɗu, musamman ƙasan wuya da wajen gindin feda. Fenti da ya tattare ko ya tsage a wurin alama ce an taɓa yin karo da shi. Tsaya a bayansa ka hango: ƙafar gaba da ta baya su kasance a layi ɗaya. Ɗaga kowace ƙafa ka juya ta ka ga ko tana rawa, sannan ka girgiza ta gefe da gefe. Idan ka ji ƙwas-ƙwas, boris ya ci ko kwanonsa ya lalace.

A kula da wani abu da ke cinye kuɗin mutane. Taya iri biyu ake kira 28. Ta baƙin keke an rubuta mata 28 x 1½, da lamba 635 a gefe. Ta yawancin kekunan gwanjo lambarta 622. Ba sa shiga wilin juna, kuma ɗan kasuwa ba lallai ya karɓi wadda aka riga aka gwada ba. Karanta lambar tsohuwar tayarka kafin ka bar gida.

Daga nan sai sirdi. Zauna, ka ɗora dunduniyarka a kan feda tana can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sosai. Idan ka mayar da tafin ƙafa sai gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa da saurin gajiya, kuma shi ya sa mutane da yawa ke cewa keke wahala ne. Kada dai a zaro ƙarfen sirdin ya wuce ƙima. A bar aƙalla santimita 7 a cikin bututun, in ba haka ba nauyi zai tsaga shi.

Gyara mafi amfani ga mai ɗaukar kaya, wanda kuma ba kowa ya damu da shi ba, shi ne canza firiwil na baya, wato faifan haƙoran da sarƙa ke hawa a ƙafar baya. Yawancin baƙaƙen kekuna suna zuwa da haƙora 44 a gaba, 18 a baya. Da wannan, duk zagaye ɗaya na feda yana tura ka kusan mita 5.4, abin da ya dace da kwalta da mutum shi kaɗai. Sa mai haƙora 20 ko 22. Da 22 zagayen yana komawa mita 4.4: gudu ya ragu kaɗan, amma za ka iya tashi da jarkoki biyu a baya ba tare da ka miƙe tsaye kana danna feda ba, kuma yashin hanyar gona ba zai riƙa tsayar da kai ba. Sai an ƙara wa sarƙa gaɓa ɗaya ko biyu, don haka a sayi abin ƙarin tare da firiwil ɗin.

Ƙaya ita ce babbar abokiyar gabar keke a wannan yanki, musamman tsidau da ke bazuwa a gefen hanya bayan damina, da ƙayar aduwa da ta bagaruwa da ake shinge da su. Maganin farko iska ce. Tayar da ba ta cika ba tana shimfiɗuwa ta kwashi ƙaya, kuma idan ta daki dutse ko bakin kwalta wili yana cizon tif ya bar huda biyu kusa da juna. Bi adadin da aka rubuta a gefen taya. Idan babu ma'auni, ka danna da babban yatsa da ƙarfi, ta ɗan motsa kaɗan kawai. A duba duk bayan kwana biyu ko uku. Na biyu, nemi tsohon tif, ka yanke bawul ɗin, ka tsaga shi a tsaye, ka shimfiɗa shi a cikin taya kafin ka sa sabon. Yana ƙara nauyi kaɗan, amma gajeriyar ƙaya ba ta kai wa ga iska. Kuma kada a jingine keke a tsakiyar rana a watan Afrilu da Mayu da taya cike tam. Zafi yana kumbura iskar, yana kuma ɗaga tsohon faci.

Facin kansa yana da ƙa'ida, kuma gaggawa ce ke ɓata shi. Bayan ka gano hudar a cikin ruwa, ka tsane wurin sarai, ka goge da samfefa fili da ya ɗara facin faɗi. Shafa sholisho siriri, ka bar shi minti biyar har ya daina sheƙi, ya daina kama yatsa. Sannan ka manna, ka danne da gindin sifana daga tsakiya zuwa baki. Wanda ya manna a kan ɗanyen sholisho, facinsa zai saki kafin ya kai gida. Kafin ka mayar da tif, zagaya cikin taya da yatsa a hankali ka nemo ƙayar, ka zare ta da filaya. Sau da yawa tana nan a maƙale, ta sake huda wurin nan take. Idan hudar a cikin tif take, ta ɓangaren wili, to kan wayar wili ce ta ɓullo, sai a goge ta a sake shimfiɗa robar da ke rufe su. Idan kuwa iska na sauka ba a ga huda ba, tofa yawu a bakin bawul: in ya yi kumfa, 'yar robar cikinsa ce ta tsage, kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Sarƙa a lokacin hunturu tana shan ƙura, ƙura kuma idan ta haɗu da mai sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin haƙora. Saboda haka yawan mai ba gata ba ne. A wanke da kananzir da tsohon buroshi sau ɗaya a wata, a bari ta bushe, a ɗiga sabon baƙin mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan a goge na waje da tsumma. Tsohon man da aka juye daga inji akwai garin ƙarfe a cikinsa, a bar shi. Sarƙar ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a tsakiya. Don sanin ko ta ƙare, auna gaɓa 12 cikakku, kowace ta ciki haɗe da ta waje: sabuwa inci 12 ce daidai. Idan ta ƙaru da kashi ɗaya cikin takwas na inci, ta riga ta cinye firiwil, sai a canza su tare, domin sabuwar sarƙa a kan tsohon firiwil tsalle take yi.

Sau ɗaya a shekara, bayan damina, a kwance cibiyoyin ƙafafu a wanke a sa sabon giris. A yawancin waɗannan kekuna boris 9 ne a kowane gefe na baya, 10 ƙanana a kowane gefe na gaba, 11 a kowane gefe na gindin feda. Ƙirga su a kan tsumma kada su ɓace a ƙasa. Fedar hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ta hannun dama. Rashin sanin wannan ya lalata hannun feda da yawa. Idan kuma feda tana yin ƙwal a kowane zagaye, ƙusar da ke riƙe hannunta ce ta saki. A buga ta da guduma tukuna sannan a ɗaure notin, domin notin shi kaɗai ba ya jan ta, zarensa ne zai tsinke.

Wajen lodi, jarka mai lita 25 cike da ruwa nauyinta wajen kilo 25 ne. Biyu, ɗaya a kowane gefen kariya, a rataye ƙasa-ƙasa, sun fi jarka ɗaya da aka ɗora a sama sauƙin tuƙi. Buhun hatsi mai kilo 100 ya fi ƙarfin kariyar da ta zo da keke. Ko a raba shi biyu, ko a kai wa mai walda ya ƙera kariya da rodi wadda ƙafafunta suka sauka a kan ƙarfen cibiyar ƙafar baya. Waya ɗaya ta wili idan ta tsinke a canza ta ranar, domin nauyinta yana komawa kan maƙwabtanta su bi ta ɗaya bayan ɗaya. Robar birki kuma, rufaffen bakin ƙarfen da ke riƙe ta shi ne ke kallon gaba. Idan aka juya, wili zai fizge robar ya bar ka ba birki. A tuna wilin ƙarfe idan ya jiƙe birki ba ya kamawa da wuri, don haka a ruwan sama a fara matsawa tun daga nesa.

Haɗarin gaske yana kan manyan tituna, irin hanyar Kano zuwa Wudil, ko ta Kazaure, ko ta Gumel zuwa Haɗeja, musamman tsakanin magariba da isha da ranakun kasuwa. Bi hannun dama tare da motoci, kada ka tare su gaba da gaba. 'Yar fitila mai caji a gaba, jar fitila ko abin ƙyalli a baya, da riga mai haske, sun wajaba. A tattare babbar riga da zani kada su shiga wili, yaron da aka goya a kariya kuma a sa masa abin taka ƙafa.

A nan ne maganar ta koma kan hukuma. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su hau keke, shi kansa ya riƙa hawa a Abuja, har wata motar bas ta ture shi cikin kwata. Kiran ba laifi ba ne, hanyar ce ba a tanadar ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, amma bikin rana ɗaya ba ya hana tirela matse mai keke. Abin da ya kamata masu keke su riƙa nema wurin kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa a fili yake: duk titin da za a yi a bar masa kafaɗa mai kwalta ta aƙalla mita ɗaya da rabi, a hana zuba yashi da shanya amfanin gona a kanta, a gyara kwalbatocin hanyoyin gona kafin damina, a yi rumfar ajiye kekuna a makarantun sakandare na jeka-ka-dawo da asibitoci da kasuwanni. Kuma tunda taya da tif da sarƙa yawancinsu daga waje ake shigo da su, faɗuwar naira tana taɓa su kai tsaye. Rage musu harajin kwastam tallafi ne da zai isa ƙauye ba tare da ya bi ta gidan mai ba. Idan ana rabon babura a mazaɓa, kuɗin babur ɗaya zai sayi kekuna da dama ga ɗaliban da ke taka kilomita biyar ko shida zuwa makaranta, a haɗa wa kowanne da famfo da kwalin faci.