Yadda na samo wa motata ta Jamus lambar Ingila

Da muka taso daga Jamus zuwa Manchester, na ɗauka da na sanar da HMRC (hukumar haraji da kwastan ta Birtaniya) cewa na shigo da mota cikin kwana 14 da isowarta shi ke nan. Ashe da sauran rina a kaba.

Motar ta faɗi gwajin MOT (gwajin lafiyar mota) saboda fitilu. Na gaba an saita su ne don tuƙi a gefen dama na hanya kamar a Jamus, shi ya sa a Ingila da ake tuƙi a gefen hagu suke kashe wa mai tahowa ido, fitilar hazo ta baya kuma tana hagu. Bakanike ya canja na gaban gaba ɗaya (aljihu ya ji a jika), ya mayar da ta hazo dama. Aka sake gwaji ta wuce.

Sannan na cike fom V55/5 (na yi wa mota rajista), na haɗa da takardun motar na Jamus na asali da fam 55, na aika wa DVLA (hukumar rajistar motoci), lamba ta fito.