Yadda Ake Nemo Ƙarafan Saita Tsirkiya Ga Tsohon Mandolin

Mandolin, ƙaramin kayan kiɗa mai kama da jita, yana da tsirkiya 8 da ake ɗaurawa biyu-biyu, ƙarafan saita su kuma suna zaune ne a kan falle biyu na ƙarfe, kowane falle da turaka huɗu da ke ratsa ramukan kan kayan kiɗan. Da yake turakan a haɗe suke, dole ne dukkansu su dace da ramukan da aka huda tun asali, kuma a nan ne wahalar tsofaffin mandolin take.

Da farko, a tabbatar cewa tsofaffin ƙarafan sun mutu da gaske. Sau da yawa tsohon maiko ne ya daskare a tsakanin haƙoran giya. A kwance fallen, a wanke shi da buroshi mai laushi, a ɗiga ɗan man inji, sannan a murɗa a hannu. Idan yana juyawa lafiya a waje amma ya ƙage bayan an mayar da shi, matsalar daga ramukan take. Idan kuwa maɓallan da ake murɗawa ne suka rududduge, ana iya sauya su kaɗai, wanda a ganina ya fi kowace hanya kare darajar kayan.

Idan babu makawa sai an sauya, aikin da ya fi muhimmanci shi ne awo. A nemi ma'auni mai muƙamuƙi irin na makanikai, a auna daga tsakiyar turken farko zuwa tsakiyar na huɗu, a raba gida uku. Galibin ƙarafan zamani suna da tazarar inci 29/32, wato kimanin milimita 23, alhali mandolin ɗin kamfanin Gibson na Amurka na shekarun 1910 suna da tazarar kusan milimita 23.6. Bambancin kamar ba komai ba ne, amma kafin a kai turke na huɗu ya taru ya kusa milimita 2, wanda ya isa ya karkatar da turakan, giyar ta yi tauri, haƙoranta su cinye. Mandolin masu ƙoƙon baya da aka ƙera a Italiya, irin na gidan Calace da Vinaccia a birnin Napoli, ba lallai ne su bi ko ɗaya daga cikin ma'aunan nan ba.

Bayan haka a duba inda sanda mai tiredi da ke juya giya take, ko a saman giyar ko a ƙasanta, domin idan aka sayi akasin na asali, fallen zai zauna a wurin da bai dace ba. A auna faɗin ramuka da kaurin katako, a kuma lura ko mandolin ɗin samfurin A ne (mai siffar ɗigon hawaye) ko F (mai naɗaɗɗen ado a jiki da kai), tunda sandunan F ba tsawonsu ɗaya ba. Mandolin mai tsagaggen kai yana buƙatar turakan da hujinsu ke tsakiya.

Da awo da hotuna a hannu ake fara nema. Kamfanin StewMac na Amurka yana sayar da jerin Golden Age, wanda a cikinsa akwai masu tsohuwar tazarar Gibson. Schaller da Rubner na Jamus, da Gotoh na Japan, da Grover duk suna ƙera na mandolin, sai dai a karanta zanen awonsu kafin a biya kuɗi. Masu gyaran kayan kiɗa kan ajiye tsofaffin ƙarafan kamfanonin Waverly da Kluson da suka ciro, amma a nemi hoton haƙoran daga kusa.

Wajen ɗorawa, fallen ya shiga da kansa ba tare da an danna ba. Idan ya ƙi, kada a faɗaɗa ramukan, a kai wa ƙwararre ya yanke hukunci ko za a toshe su a sake hudawa. Tsofaffin ƙarafan da kusoshinsu kuma a adana su a akwatin mandolin ɗin, domin mai saye nan gaba zai tambaye su.